Na Nawa Za A Zuba?

Mahaifiyata tuwo ta sayar a tashar motar Funtuwa har furfura ta cika mata kai, kuma ban taɓa ganin ta ɗaga wa mai saye marar kwasa ba tare da ta ji kuɗi ba. Direba zai zo ya miƙo kwano, ita ko kallonsa ba za ta yi ba sai ta ce, "Na nawa za a zuba?" In ya ce na sisi, na sisi zai gani. In ya ce na sule, ta ƙara malmala ta ɗora masa tsoka. Mai babbar riga da ɗan dako duk wannan tambayar ce take tarbarsu, kuma ban taɓa jin wanda ya ce an ci masa fuska ba. Da wannan tuwon aka saya mini littattafai da takalmin makaranta, har na kai inda gwamnati ta ɗauke ni ta turo ni Landan koyon aikin jinya.

Ni ce 'yar farinta. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa na da ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta cewa 'yata. In magana ta biyo ta kaina sai ta ce "waccan", in ranta ya yi daɗi ta ce "yarinyar nan". A ɗakin kakata na girma, gida ɗaya muke amma kamar maƙwabta. In za ta ba ni wani abu sai ta ba wani ya ba ni. In na shiga ɗakinta tana cin abinci, sai ta ja faifai ta rufe kwanon har in fita. Mutane suna cewa kunya ce, kuma kunya ado ce. Ban musa ba. Amma ni abin ya yi mini ciwo tun ina ƙarama, kuma ba zan zauna yanzu da tsufana in ce bai yi ba.

Sai ga zamanin da kuɗin man fetur ya ɓarke a ƙasarmu. A Landan muka ga alamarsa tun kafin mu ji labarinsa sosai. Mutanen da muka baro suna neman na cefane sai ga su a manyan kantuna suna nuna kaya da yatsa, ba sa juya takardar farashin da ke jiki. Cikinsu har da kawuna, ƙanen mahaifiyata. Da can ɗan kamasho ne a wannan tashar, tuwon yayarsa yake ci safe da yamma, ba a taɓa tambayarsa na nawa ba. Ya samu kwangilar shigo da siminti, cikin ƙanƙanin lokaci ya yi tumbi, ya yi agogon zinare, ya mai da Landan kamar Zariya. Shi ne ya taɓa cewa a gabana karatun 'ya mace shuka dusa ne.

Zan faɗi alherinsa, don ba na son a ce na ci amanar gaskiya. Da cutar yana ta rufe wa Inna mahaifiyata ido, shi ya sa ta a jirgi, shi ya biya likita, aka yi aiki ya yi kyau. Sai dai kawuna irin mutanen nan ne da in sun ba ka allura sai sun kira maroƙi. Duk wanda ya zo duba ta a ɗakina na unguwar Lewisham a Landan sai ya ji abin da aka kashe, tun daga tikiti har auduga. Inna tana zaune a bakin gado da sabon tabarau mai kaurin gindin kwalba, tana sauraro.

A wannan watan na karɓi albashina na farko a matsayin cikakkiyar nas. Kowa ya san albashin fari na iyaye ne, a kai musu su sa albarka. Na cire kuɗin ɗaki, na sa sauran a ambulan, na durƙusa na ajiye kusa da ƙafarta. Ta juya fuska wajen bango ta ce wa kawu, "Ka ce mata ta sayi rigar sanyi. Na ga tata ta mutu."

Kawu ya ɗaga ambulan ɗin ya auna shi a tafin hannu yana dariya. "Ɗauki abinki, nas. Wannan ai kuɗin gorona ne."

Na karɓa, amma zuciyata ta riga ta ɗauki zafi. Na ce to tunda ba za a karɓi kuɗi ba, zan ciyar da ita. Matar da ta ciyar da rabin direbobin Arewa ba ta taɓa zama wani ya kawo mata abinci ba, ni zan zaunar da ita a kawo mata, kuma da gumina.

"Madalla," in ji kawu. "Bar ni in yi booking. Akwai wani wuri da muke zuwa da abokaina."

Yadda ya yi saurin yarda na san da walakin, goro a miya. Amma baki ya riga ya furta.

Ranar Asabar da rana muka tafi cikin baƙar tasi, ana yayyafi. Wurin yana wani lungu a unguwar masu hannu da shuni, ƙofa ce kawai mai ƙararrawa, ko allo babu. A ciki tebura ne kaɗan da fararen kyallaye, mutane suna magana ƙasa ƙasa kamar an yi rasuwa. Wani dogon Bature mai baƙar kwat, shugaban masu kawo abinci, ya tarbi kawu da murmushin wanda ya san aljihunsa. Ya ja wa Inna kujera, ita kuwa ta tsaya tana jira ya gama abin da yake yi da ita, sai da na ce ta zauna. Ta zauna a bakin kujerar, ta ƙara jan mayafi.

Na jira a kawo takardar da ake zaɓen abinci. Shiru. Aka kawo ruwa, aka kawo burodi, aka jera mana cokula kamar za a yi tiyata. Na tambayi kawu ina takardar.

"Ai nan babu menu," ya ce, yana gyara hannun riga don agogo ya fito. "Abin da kuku ya ga dama shi zai dafa. Surprise ne. Sai an ajiye a gabanki za ki sani."

"Kuɗin fa?"

"Ke, nan ba a tambayar price. Wanda ya tambaya, ba zai iya biya ba ne. In an gama za su kawo mini."

Sai a lokacin na ga ramin da aka haƙa mini. Za mu ci abin da ba mu sani ba, a kan kuɗin da ba mu sani ba, a ƙarshe a kawo abin da ya fi ƙarfina, kawu ya zaro walat ya fanshe ni a gaban uwata. Daga nan labari ya samu. Za a ji shi a Funtuwa kafin jirginsu ya sauka, cewa nas ta gayyaci mutane cin abinci, kawunta ya biya.

Na ce, "Kawu, ba a cinikin biri a sama."

Na ɗaga hannu na kira mai baƙar kwat. Da Turanci na gaya masa ni ce mai gayya, ni zan biya, kuma ina so in san abu biyu kafin a ɗora tukunya, me za a kawo kuma nawa ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ya ba kawu amsa. Wai al'adar gidan ce ba a zancen kuɗi a kan tebur, kuma kada uwargida ta damu, maigida zai ji da komai.

Na ce masa wannan ba maigidana ba ne, kuma ni ce na yi tambaya, ni za a kalla a ba amsa.

A teburin da ke kusa da mu wata tsohuwa mai sarƙar lu'ulu'u ta ajiye cokalinta. Kawu ya sunkuyo, gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin garin. "Yaya, ki yi mata magana. Za ta zubar mana da mutunci a gaban Turawa. Ni customer ne a nan."

Inna ba ta kalle ni ba. Ta dubi kyallen teburin ta ce a hankali, "A rufa wa juna asiri."

Wannan maganar ta fi ta kawu yi mini zafi. Na ji kamar ta ce in haƙura in bar namiji ya biya, kamar yadda aka saba. Kuma na san dalilinta. Idon da take kallon teburin da shi, kuɗinsa ne ya buɗe shi, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Amma ni ban ci ba. Ni da nake tashi da asuba in bi bas in je in wanke tsofaffin Turawan nan, in juya su, in riƙe musu hannu suna kiran iyayensu da suka daɗe da mutuwa, baƙar kwat ba za ta ba ni tsoro ba. Na ce wa mutumin in shi bai san kuɗin abincin gidansu ba, ya kira mini wanda ya sani.

Ya tafi yana taku kamar ya haɗiye tabarya. Jim kaɗan sai ga kuku, wani gajere mai jan fuska, yana goge hannu da tawul. Shi ma ba ɗan ƙasar ba ne, Turancinsa bai kai nawa ba. Ya yi mini bayani da hannu da kafaɗa. Wai mutane suna zuwa wurinsa ne don kada su sani, rashin sanin shi ne daɗin. Da safe yakan je kasuwa, abin da ya burge shi shi zai dafa, kuma bai taɓa jin wanda ya yi kuka ba.

Na ce masa wannan tsakaninsa ne da masu son haka. A garinmu mai saye ne yake faɗin kuɗinsa, mai abinci ya zuba masa daidai, iya kuɗinka iya shagalinka, kowa ya tashi ba a jin kunyar kowa. Na ce ban zo in koya masa sana'a ba, amma ba zan sa wa uwata loma a baki ba sai na san mece ce, kuma sai na san zan iya biya.

Ya dube ni, ya dubi Inna da tabaraunta. Sannan ya faɗi kuɗin mutum ɗaya, a fili, yadda har mai sarƙar lu'ulu'u ta ji.

Kuɗin mutum ɗaya zai lashe kusan duk abin da ke cikin ambulan ɗina. Ta gefen ido na ga kawu ya jingina da kujera, fuskarsa ta saki, hannunsa ya fara lallaɓa aljihun ƙirji.

Na ce, "To a zuba na mutum ɗaya. Na mahaifiyata. Ban da alade, ban da giya ko a cikin miya, kifi da ganye sun isa. Ni a ƙaro mini ruwa."

Mai baƙar kwat ya fara cewa ba a yin haka a gidan, kowa da ke tebur sai ya ci. Kuku ya ɗaga kafaɗa ya ce shi abinci yake dafawa, ba kujeru yake ƙirgawa ba. Ya tambayi kawu shi fa. Kawu ya ce a kawo masa komai da komai kamar kullum, nasa daban, kuma bai sa wani sharaɗi ba don kada a ce shi ma baƙauye ne.

Kuku ya koma, sai tsoro na gaske ya kama ni. Na ci nasara a kan Bature, na ci a kan kawu, amma na manta da wadda aka yi domin ta. Matar da take rufe kwano in na shiga ɗaki, yau na zaunar da ita a tsakiyar baƙi, na zauna dab da ita, na ce ta ci ita kaɗai ina kallo. In ta ƙi ci, duk wannan rigimar ta tashi a tutar babu.

Aka kawo na farko. Wata koriyar miya ce a ɗan kofi, ba ta fi a shanye a kurɓi uku ba. Shi kuwa kawu aka dire masa dodon koɗi, suna zaune cikin ɓawonsu suna ninƙaya a man shanu, da wani ɗan ƙarfe na kama su. Mutumin da ko a yunwar bazara ba zai kalli dodon koɗi ba. Ya dube su, suka dube shi. Ya ce ai wannan abincin manya ne, ya runtse ido ya haɗiye ɗaya da ruwa kamar ƙwayar magani. Da a wata rana ce, da na yi dariya har da hawaye.

Inna ba ta taɓa cokali ba. Hannuwanta suna cikin mayafi. Tururin miyar ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Mai baƙar kwat yana tsaye daga nesa, a shirye yake ya zo ya kwashe.

Na san abin da ya kamata in yi. In tashi in ce zan zaga, in daɗe, in ba ta wuri ta ci, kamar yadda na yi duk tsawon rayuwata. Har na dafa tebur zan miƙe, sai na ji ba zan iya ba. Na gaji da fita daga ɗaki. Na koma na zauna, na juyo na fuskance ta, abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye ba ta bakin kowa ba.

"Inna, wannan tuwonki ne ya dawo. In kin ci, na gode Allah. In ba ki ci ba haka za su kwashe, su kawo wani su kwashe, kuma zan biya. Amma ba zan tashi ba."

Kawu ya ce, "Ji rashin kunya."

Na ce, "Na ji, Kawu. Ci dodon koɗinka kada ya huce."

Ina ganin idanun Inna ta cikin tabarau, sun yi manya manya, suna kan kofin. Sannan hannun dama ya fito daga mayafi. Ta tsallake duk jerin cokulan ta ɗauki ƙaramin na shayi, ta yi bisimilla, ta kai baki. Ta ɗan jujjuya miyar a harshe irin na mai sana'a, ta gaya wa tulun furen da ke tsakiyar tebur, "Ba gishiri."

Ta sha rabi. Sai ta sa yatsa biyu ta turo kofin gabana, da cokalin a ciki. Ragowar uwa, wadda ƙannena suka tashi suna ci suna faɗa a kanta, ni ban taɓa samu ba sai a ranar. Na sha. Gaskiyarta, babu gishiri.

Haka muka yi da duk abin da aka kawo. Wani yankin kifi da bai fi yatsu biyu ba, an yi masa zane da miya a faranti mai faɗin tire. Wani dankali da aka yanka siriri kamar takarda. Wani abu mai sanyi mai tsami da Inna ta ce tsamiya ce ta yi karatun boko. Kowanne ta raba biyu da gefen cokali, ta ci nata, ta turo nawa. Mai baƙar kwat bai kawo cokali na biyu ba, mu ma ba mu roƙa ba. Kawu kuwa bayan dodon koɗi aka kawo masa wani nama da jini yake kwance a ƙarƙashinsa, ya yi ta tura shi gefe da gefe yana cika ciki da burodi.

Da aka gama, mai baƙar kwat ya taho da ɗan faranti a rufe, takardun lissafin kuɗin abinci biyu a ciki. Duk abin da aka yi a gabansa bai hana ƙafarsa bin hanyar da ta saba ba, ya nufi kawu da duka biyun. Kawu ya miƙa hannu. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga hannun Inna ya riga ni. Ta tare farantin a sama, da wannan hannun da ya ƙone ya warke sau ba adadi a bakin murhu, ta ɗaga kai ta kalli Baturen ido cikin ido, ta yi masa Hausa.

"Ba shi ba. 'Yata ce mai biya."

Baturen bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga inda yatsa ya nuna. A duk gidan mu biyu ne muka san abin da aka faɗa, ni da kawu, kuma shi ma sai da ya ajiye hannunsa ya dube ta. Na zaro ambulan na biya. Kawu ya biya nasa, ya ce yana da meeting, ya tare mana tasi ya bi wata hanya.

Rigar sanyi ban saya ba a wannan shekarar. Da tsohuwar na ƙarasa hunturu, na sa mata jarida ta ciki a ranakun da abin ya yi tsanani, kuma rabin watan nan da ƙafa na riƙa zuwa asibiti. Ko sau ɗaya ban yi da na sani ba. Inna ba ta ƙara faɗin kalmar ba har ta koma ga Allah. Washegari ma "waccan" na koma, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Amma a ranar, da muka isa Lewisham, yunwa muke ji mu duka biyu, don abin da muka ci ko ɗan yaye ba zai ƙosar ba. Ta cire mayafi, ta ɗora 'yar tukunyata a kan risho, ta tuƙa tuwon garin shinkafa, ta kaɗa kukar da ta zo da ita a ƙulle cikin leda. Na ɗauko kwano biyu na ajiye, na juya zan fita baranda kamar kullum. Ta mai da ɗaya kan kanta, ta kwashe tuwon duka a ɗayan, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu.

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Wanko hannu."